Yadda mai gwajin jini ya koma ɗaukar hoton halittun cikin teku

Ni mutumin ƙasar Haɗejia ne, kuma sana'ata ta asali gwajin jini. Duk wanda ya taɓa zuwa asibiti da zazzaɓi, aka soke shi a yatsa aka ce ya koma benci ya jira, to irinmu ne a can ciki, mun duƙufa a kan madubin likita muna neman ƙwayar maleriya. A wannan aiki na ci ƙuruciyata, a cikinsa na yi aure, shi ne kuma ya kawo ni Legas. Amma yau idan baƙo ya tambayi yaran layinmu a Agege gidan mai gwajin jini, da wuya su gane. Sai dai ya ce gidan Baba mai hoton ruwa. Abin da nake ɗauka wasu ƙananan halittu ne na cikin teku da ake kira dayatom, kuma tun da tambayar yadda aka yi na faɗa wannan harka ta yi yawa, na ga gara in zauna in ba da labarin daga tushe.

A makarantar koyon aikin lafiya da na yi, madubi ɗaya ne mai lafiya, ɗalibai kuwa aji guda cike. Layi ake bi. In ya zo kanka, ka ɗora gilashin jinin da aka rina da Giemsa, ka ɗiga mai, ka juyo idon nan mai lamba 100, ka nemo ɗan jan ɗigo da shuɗin zobe a gefensa. Ka gan shi, ka ci. Ba ka gan shi ba, ka ba na baya wuri. Duk abin da ba wannan ba, sunansa datti. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya nuna mana yadda haske ke bi ta cikin na'urar, ko amfanin dunƙulen gilashin nan da ke ƙarƙashin faranti wanda ake kira kwandensa. Abin da muka gada shi ne, in abu ya ƙi fitowa, ka sauke kwandensa ƙasa, ka tsuke ƙofar haske har fili ya yi duhu-duhu. Haka malamanmu suka tarar, haka suka miƙa mana, ban kuma ga laifinsu ba.

Na yi aiki a asibitin gwamnati a gida, daga baya wani ɗan'uwa ya samo mini gurbi a wani ɗakin gwaje-gwaje mai zaman kansa a Legas, albashi ya ɗan fi kauri. Muna cikin rufin asiri har 'yar robar gwajin gaggawa ta bazu, wadda ake ɗiga wa jini a jira minti 15 a ga layi ɗaya ko biyu. Tun daga 2010, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa gwada duk mai zazzaɓi kafin a ba shi maganin maleriya, sai ta fara shiga kemis-kemis. Abu ne mai amfani, musamman a ƙauyen da ba wuta ba madubi, wannan ba zan ɓoye ba. Amma mu ta kashe mana kasuwa. Mai wurin ya fara riƙe albashi, wata ya bi wata, ranar da ya rufe ƙofa kuwa ya ce ba shi da ko sisi, kowa ya ɗauki abin da zai iya a madadin haƙƙinsa. Wani ya ɗauki firji, wani janareta. Ni na rungumo tsohon madubin Olympus ɗin da hannuna ya saba da shi na hau bas.

Da na shiga gida uwargida ta dubi akwatin, ta dube ni. Ta ce, "Malam, wannan ne albashin?" Na ce shi ne. Ta ce, "To Allah Ya sa in an dafa ya nuna." Ba ta ƙara cewa uffan ba, ta tura shi ƙarƙashin gado. Ni kuma na koma kasuwar Mile 12 ina riƙe wa wani ɗan garinmu littafin lissafin albasa da tattasai. Ba na raina wannan zama, da shi aka biya haya da kuɗin makarantar yara. Amma wanda ya saba a kira shi likita, ko da ba likitan ba ne, ya wayi gari yana ƙirga buhuna, shi ya san abin da zuciya ke raya masa da dare.

Ɗan yayata ne ya fito da madubin. Yana karatun kimiyyar teku a wata jami'a a nan Legas, an ba shi aikin kammala digiri a kan ƙananan halittun da ke yawo a ruwan lagun, wato tafkin nan na Legas da ke haɗe da teku, layin madubi a sashensu kuma har ya fi namu na da. Wata Asabar a cikin rani ya zo da kwalba a jaka, ruwan ciki ɗan gurɓi-gurɓi. Ya ce, "Kawu, Umma ta ce kana da madubi a ajiye." Muka jawo shi, muka tarar danshin Legas ya sa fumfuna ta fara yaɗo a ɗaya daga idanun sama. Na goge abin da ya gogu. Ya ɗiga ruwan, ya rufe da siririn gilashi, ya ce in fara dubawa tun da ni ne mai ido.

Abin da na fara cin karo da shi zagayayye ne, launin zinariya mai duhu, ya cinye kusan rabin fili. Da na murɗa a hankali sai ramuka suka bayyana a fuskarsa, kowane rami mai kusurwa shida, a jere daga tsakiya zuwa baki, ba wanda ya kauce wa ɗan'uwansa. Raina ya ba ni ɓarɓashin wani abu ne da aka ƙera a masana'anta ya faɗa ruwa. Yaron ya yi dariya ya ce, "Kawu, rai gare shi. Coscinodiscus ke nan." Na matsa gilashin. Ga wani mai kusurwa uku. Ga wata sarƙa mai dogayen gashi ta kowane gefe. Ga wasu sirara sun jeru kafaɗa da kafaɗa, suna zamewa a jikin juna har su miƙe su yi tsawo, sannan su dawo su haɗe, su sake miƙewa ta ɗaya ɓangaren. Waɗannan su ne Bacillaria. Sallar la'asar ranar sai da aka taɓa ni.

Dayatom dangin gansakuka ne, sai dai kowannensu ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Da hasken rana yake haɗa abincinsa yadda tsiro ke yi. Abin da ya raba shi da sauran shi ne gidansa, domin na gilashi ne: silika, sinadarin da ke cikin yashi, yake tsotsa daga ruwa ya gina shi. Gidan ɓari biyu ne, kamar kwanon sha da murfinsa, ɗaya ya ɗan fi faɗi ya hau kan ɗaya. In zai hayayyafa sai ya rabu, kowane ɓari ya zama murfi ya ƙera wa kansa sabon gindi daga ciki. Ka ga ke nan wanda ya gaji tsohon gindin dole ya fito ƙarami kaɗan. Haka zuriyar ke ta ƙanƙancewa har a kai inda ba dama, sannan su koma irin haihuwar da ake haɗa iri biyu, a samu ƙwayar da za ta kumbura ta dawo girman kakanni. Yawancinsu tsakanin maikiron 2 ne zuwa 200. Maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, kaurin gashin kan mutum kuwa wajen 70 ne. Duk da wannan ƙanƙanta, masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na iskar oksijin da ake samarwa a duniya kowace shekara daga gare su take fitowa. Kifin bonga da ake yi wa banda a bakin tekun nan, su yake tacewa daga ruwa ya ci.

Yaron ya gama aikinsa ya tafi hidimar ƙasa, ni ya bar ni da ciwo. Ciwon kuwa shi ne ba wanda zan nuna wa. Uwargida in ta leƙa, gashin idonta kawai take gani. Abokan kasuwa in na ba su labari sai su ce ko Malam ya fara shan wani abu ne. Nan tunanin hoto ya shigo. Na fara da riƙe waya a bakin idon madubi, hannu na rawa. Daga baya wani mai gyaran famfo ya yanka mini guntun bututun roba daidai faɗin idon, muka manna shi a bayan rigar waya. Waya ta tsaya, amma hoto bai yi ba. Gefuna sun yi kauri, zobba-zobba sun kewaye komai, ƙananan ramukan kuma sun narke sun zama toka.

Neman maganin wannan ne ya kai ni ga karatun da ya kamata a ce da shi aka fara mana. A 1873 wani Bajamushe, Ernst Abbe, wanda ke aiki da Carl Zeiss a garin Jena, ya nuna cewa yawan ƙara girma ba shi ne ke fito da ƙananan abubuwa ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci: tsawon zangon hasken da kake aiki da shi, da faɗin mazurarin hasken da ke shiga idon ƙasa, wato wanda ke dab da abin da ake dubawa. Ƙaramar lambar nan da ke rubuce a jikin kowane ido, 0.65 a kan na 40, 1.25 a kan na 100, wadda na yi shekara da shekaru ina gani, ita ke faɗin iyakar ƙarfinsa. Ko madubi ya kai wane tsada, abubuwa biyu da ke kusa da juna fiye da wajen maikiron 0.2, haske ba ya iya raba su. To idan ka sauke kwandensa ka tsuke ƙofa, mazurarin nan ka matse. Abu zai yi duhu ya fito fili, ido ya ji daɗi, amma ka zubar da rabin abin da na'urar za ta iya nuna maka.

Gyaran kuwa wani Bajamushen ne, August Köhler, ya tsara shi tun 1893, shi ma saboda ɗaukar hoto. Ka saita abin da kake dubawa ya fito tas. Ka tsuke ƙofar da ke bakin fitila, ka ɗaga kwandensa har gefen ƙofar ya fito da kaifi a cikin fili, ka kawo ta tsakiya, ka buɗe ta har ta ɓace da kyar. Sannan ka zare idon sama ka leƙa cikin bututun, ka buɗe ƙofar kwandensa har haske ya cika wajen kashi biyu cikin uku na da'irar da kake hange. Shi ke nan. Minti ɗaya ya isa. Nawa madubin ba shi da ƙofar bakin fitila, sai na huda baƙin kwali na ɗora.

Masu wannan fanni suna da wani dayatom da suka daɗe suna gwada madubi da shi, Pleurosigma angulatum. Dogo ne, mai lanƙwasa irin ta harafin S, yana zama a taɓon bakin teku. Jikinsa cike yake da ɗigogi a layukan da suka gitta juna, tsakanin layi da layi wajen rabin maikiron. Na samo danginsa a laka lokacin da ruwa ya janye. Da saitin da muka gada, sumul yake, ko tabo babu. Na ɗaga kwandensa, na buɗe ƙofa, na tura ɗan kati ya rufe ɓarin hasken don ya riƙa zuwa a karkace. Ɗigogin suka fito reras, daga wannan baki zuwa wancan, da idon 40 ɗin da a wurin aiki ba ma ɗaukarsa a bakin komai. Na daɗe zaune ina tunanin gilasan jinin da suka bi ta ƙarƙashin madubai irin wannan a asibitocinmu.

Samo dayatom ɗin ma aiki ne. Masana na jan raga mai ido maikiron 20. Ni wajen masu buga rubutu a riga na je na sayi kyallen da suke tace fenti da shi, mafi ƙanƙantar ido da ke shagon, tela ya ɗinka mini doguwar jaka mai tsukakken gindi, na ɗaura kwalba a ƙarshenta. Wani dattijo masunci ɗan ƙabilar Egun ke ɗaukata a kwalekwalensa, ina jan ragar a baya sannu a hankali. Ya daɗe yana zaton haɗin magani nake yi, don ya ga mutum ya biya kuɗin jirgi ya koma gida da kwalbar ruwa ba kifi ko ɗaya. Ɗan Haɗejia ya san kogi, ya san fadama, amma teku wata aba ce daban. Ba na shiga sai da rigar ceto, ko za a yi mini dariya. A Tarkwa Bay kuma, tsohon buroshin haƙori nake sa wa duwatsun da aka jera don tare igiyar ruwa, in kankare santsin nan mai launin ƙasa-ƙasa da ke jikinsu. Mutane na ganin ƙazanta ce, alhali nan ne gari guda.

Lagun ɗin Legas yana da fuska biyu, kuma kwalba na nuna su sarai. Da damina, kogin Ogun da sauran ƙoramu sukan turo ruwan daɗi har gishiri ya kusa ɓacewa, sai ka tarar da irin na ruwan daɗi, musamman Aulacoseira masu jeruwa zare-zare. Daga wajen Disamba zuwa Afrilu, ruwan sama ya ɗauke, teku kan kutso ta bakin tashar jiragen ruwa, ya shigo da nasa: Coscinodiscus, Chaetoceros, Odontella, Skeletonema. Saboda haka rani ne kakata, kuma lokacin da ruwa ya ciko nake fita.

Mai rai, a ranar ake ɗaukarsa, don in ya kwana a zafin nan ya lalace. Shi ne ke da launi da ɗigon mai a ciki, shi ne ke motsi. Amma zanen gidan ba ya fitowa sosai sai an cire naman an bar gilashin zalla, kuma nan ne haƙuri ke ƙarewa. Da farko a wanke gishiri da ruwan batir, tataccen nan, ba asid ba: a zuba, a bari ya kwanta na sa'o'i, a tsiyaye a hankali, a sake, a sake. In aka yi gaggawa, ranar da ɗigon ya bushe gishiri ne zai fito ya rufe komai. Sannan a dafa da haidirojin, wanda ake wanke ciwo da shi. Na kemis ba shi da ƙarfi, sai an daɗe ana yi, kuma a tsakar gida nake yi, nesa da yara. A sake wankewa. Masu siririn jiki irin Chaetoceros ba sa jure wannan, gashinsu kakkaryewa yake, don haka su da ransu kawai nake ɗauka. Daga nan a ɗiga a kan siririn gilashi mai kaurin milimita 0.17, a kife kofi a kai saboda ƙura, a bar shi ya bushe da kansa.

Sai matsalar abin da za a manna shi da shi. Gilashi a cikin abu mai lanƙwasa haske daidai da shi ɓacewa yake. A ma'aunin lanƙwasa haske, gidan dayatom na wajen 1.43, ruwa 1.33, gam ɗin da muka saba manna gilashi da shi a ɗakin gwaji kuwa wajen 1.52. Tazarar ta yi kaɗan, shi ya sa in ka sa shi a ciki sai ka ga inuwa kawai. Iska 1.0 ce, tazara mai kyau, don haka na daɗe ina kife gilashin a bushe in zagaye bakinsa da jan farcen 'yata. Yana yi, sai dai idon 100 ba ya ba da cikakken ƙarfinsa a haka. Abin da masu sana'ar ke amfani da shi wani ƙaro ne mai suna Naphrax, mai 1.73. Sai da wani surukina ya dawo daga Ingila na samu 'yar kwalba. Ana ɗiga shi a ɗumama har ya tafasa ya huce ya daskare, kuma gilashin da aka yi da shi zai fi mai shi daɗewa a duniya. Ɗigo-ɗigo nake taɓa ta.

Ɗaukar hoton kanta tana da nata sirrin. A babban girma, kaurin abin da ke fitowa tas a lokaci ɗaya bai wuce maikiron guda ba, wani lokaci ma bai kai ba. Coscinodiscus kuwa yana da tudu da kwari. Tsakiya ta fito, baki ya dushe. Ido ba ya damuwa, saboda hannu na kan murɗi yana kai da kawowa, ƙwaƙwalwa na haɗawa. Kyamara ba ta da wannan. Sai ka ɗauki hotuna da dama, kowanne ka ɗan murɗa kaɗan, daga saman halittar har ƙasanta, sannan manhaja ta tsince inda ya fito tas a kowanne ta haɗe su hoto ɗaya. Picolay nake amfani da ita, kyauta ce. Sharaɗin shi ne kada komai ya motsa tsakanin hoton farko da na ƙarshe, kuma wanda ya san Agege ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne. Janaretan maƙwabci, tirela a titi, jirgin ƙasa, yaro ya ruga a baranda, duk a cikin hoto suke fitowa. Na ɗora madubin a kan faffaɗan dutsen tayil, dutsen a kan tiyub ɗin babur mai 'yar iska. Na cire tsohon ƙwan fitila na sa LED da ke aiki da fawa-banki, tun da wuta ba ta da alƙawari. Da na samu sarari na sayi kyamarar Canon ta hannu a Ikeja, ina latsa ta daga kwamfuta ba tare da na taɓa ta ba. Lokacin aikina daga ƙarfe ɗayan dare ne zuwa kiran assalatu.

Hotunan da mutane suka fi so su ne masu baƙin fili, halittar na walƙiya a tsakiya, shuɗi da zinariya. Dabarar ba ta da tsada: kwabo ko baƙar takarda zagayayya a ƙarƙashin kwandensa, ta tare hasken tsakiya, sai wanda ya bugi halittar ya karkato ne kaɗai ke shiga ido. Launin ba fenti ba ne, jerin ramukan ne ke warwatsa haske. Ni kuwa na fi son na koren gilashi, wanda nake mayarwa fari da baƙi. Idanun madubi masu araha a koren haske suka fi kaifi, kuma a nan ne ake iya ƙirga layi.

A kan launi muka saɓa da wani mai buga hotuna da ya so mu yi kalanda. Ya ce in bar shi ya zuba musu ja da ruwan hoda a kwamfuta, ya goge waɗanda suka karye, kasuwa za ta fi karɓa. Na ce ya zuba, amma a rubuta a ƙasa cewa an zuba. Ya ce wa zai damu? Ni na damu. A aikinmu na jini, babban abin kunya shi ne ka rubuta ka ga ƙwaya alhali ba ka gani ba, don kawai mai zazzaɓi na son a ce masa maleriya ce. Hoton madubi sakamakon gwaji ne, mai kallo ba shi da hanyar zuwa ya duba da kansa, amanarka ya ɗauka. Ita kanta manhajar haɗa hotuna takan yi ƙarya: ta haɗe ramukan murfi da na gindi su zama wani zane da babu shi a halitta, ko ta yi wa gefe rawani na haske. Shi ya sa kowane hoto nawa yana ɗauke da wurin da na ɗebo ruwan, da wata, da idon da na yi aiki da shi, da ɗan layin awo mai nuna maikiron 10 ko 50. Kalanda dai ba a yi ba.

Akwai masu jera dayatom ɗaya bayan ɗaya su yi ado da su, kuma in na tuna da su sai in ji ni ɗan koyo ne. Johann Diedrich Möller, mutumin Wedel a Jamus, a 1891 ya jera dayatom 4,026 a fili da bai kai milimita 7 ba kowane gefe, layi-layi bisa danginsu. Klaus Kemp na Ingila, wanda ya rasu a 2022, ya raya wannan sana'a har zamaninmu. Na gwada da gashin ido da na manna a tsinken sakace. Numfashi ɗaya ke watsa aikin dare guda. Na bar wa masu shi.

Wata shekara na je gida a tsakiyar hunturu da madubin a jaka. Na riga na karanta cewa ƙurar da ke rufe mu daga Disamba, mai yawa daga cikinta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin Chadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Wurin gindin tsohon tafkin Chadi ne, na shekaru wajen 7,000 da suka wuce, lokacin da faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000; tudun yashin da ya bi ta Maiduguri da Bama tsohuwar gaɓarsa ce. Farar ƙasar da ya bari gidajen dayatom ne na ruwan daɗi. Tun 1832 Charles Darwin ya tara ƙurar da ke sauka a kan jirgin ruwa a wajen tsibiran Kef Bad, daga baya Christian Ehrenberg na Balin ya duba ƙunshi biyar da ya aika masa ya samu nau'in halitta 67, kuma ƙananan halittun ciki, in ban da biyu na teku, duk na ruwan daɗi ne. Na ajiye faranti a kan soro ya kwana, na wanke ƙurar da ruwan batir, na ɗiga. Yawanci yashi ne da ɓarɓashin ciyawa, amma a tsakaninsu ga gutsattsarin gilashi masu ramuka a jere. Na nuna wa mahaifiyata a fuskar kwamfuta na yi mata bayani. Ta ce, "To ai shi ya sa take kankare maƙogwaro." Ta ci gaba da jan carbinta.

Hoton bai taɓa ciyar da ni ba, in faɗi gaskiya. Abin da ya yi shi ne ya mayar da ni bakin aikina ta wata ƙofa. Wani likita da ya ga hotunan ya tambayi da wane madubi na ɗauka, da na faɗa masa bai yarda ba sai da ya zo ya gani. Asibitinsa na buƙatar mai duba jini, domin robar gaggawa ba ta ƙirga yawan ƙwayoyi, kuma takan ci gaba da nuna layi biyu makonni bayan mutum ya warke. Yanzu da safe ina can, kuma ni ke karɓar ɗaliban da ake turowa koyon aiki. Ranar farko ba na ba su jini. Gilashin Pleurosigma nake ɗora musu a idon 40 in ce su nuna mini ɗigogi. Kusan kowannensu hannunsa kan kwandensa yake fara zuwa ya sauke shi ƙasa, su ce, "Baba, ba komai a jikinsa." Sai in ja kujera mu fara daga fitila. Wanda ya fito da ɗigogin da hannunsa, shi nake miƙa wa gilashin jini.

Ni ma akwai wanda ya gagare ni har yau. Amphipleura pellucida sunansa, na ruwan daɗi ne, layukansa kusan 40 a cikin maikiron 10, wato dab da iyakar da Abbe ya faɗa. Sai da mai a saman gilashi da ƙasansa, da shuɗin haske a karkace, da kwandensa da ya fi nawa gyara. Na ga irin wannan kwandensa a wajen masu kayan asibiti na hannu a Idumota. Mun yi ciniki bai faɗi ba, na ce masa zan dawo in an gama biyan kuɗin makarantar yara.